Yadda ake kaɗa ƙuri'a ranar zaɓen ƙaramar hukuma

Ranar zaɓen shugaban ƙasa layi yakan kai har bakin titi. Ranar zaɓen ƙaramar hukuma kuwa, a wannan rumfar dai, sai ka tarar malaman zaɓe da wakilan jam'iyyu sun kusa fin masu zaɓen yawa. Abin yana damuna, domin asibitin sha-ka-tafi na unguwarku, da rufin ajin firamare da iska ta yaye, da kwatar da ke cika da ruwa duk damina, da rabon rumfunan kasuwa, duk a teburin ciyaman da kansila suke fara sauka. Na daɗe ina aikin zaɓe a rumfa, don haka na ga ya dace in zayyana wa wanda bai taɓa yi ba yadda ranar take tafiya, da wuraren da ƙuri'a ke lalacewa ba tare da mai ita ya sani ba.

Abu guda ya kamata ka fara riƙewa. A Najeriya akwai ƙananan hukumomi 774, amma ba hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ce ke shirya zaɓen mafi yawansu ba. Kowace jiha tana da tata hukumar zaɓe, kamar KANSIEC a Kano da KADSIECOM a Kaduna. Ƙananan hukumomi shida na Abuja ne kawai INEC ke yi wa zaɓe da kanta. Sai dai rajistar masu zaɓe guda ɗaya ce, ta INEC, kuma katin da ka zaɓi gwamna da shi, shi za ka zaɓi kansila da shi. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce tsarin da ake bi a zaɓen ƙananan hukumomin Abuja shi jihohi za su bi, don haka matakan da zan kawo kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Abin da ke bambanta shi ne lokacin buɗewa, da launin takardu, da kuma ko za a kawo na'urar tantance masu zaɓe ko ba za a kawo ba.

Abin da za ka tanada tun daren jajiberi

Katin zaɓenka na dindindin, wato na roba mai hoto. Shi ne kan gaba, kuma ba shi da madadi. Takardar wucin gadi da aka ba ka ranar rajista ba ta aiki, haka katin ɗan ƙasa ko lasin tuƙi ko hoton katin a waya. Idan katinka ya ɓata ko ba ka karɓo ba, wannan zaɓen ya wuce ka. Ka nufi ofishin INEC na ƙaramar hukumarku da zarar an buɗe rajista, kada na gaba ma ya wuce ka.

Sai ruwan sha, da lema ko hula mai faɗi, da ɗan abin taɓawa, saboda shaguna kan kasance a rufe. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari ya sa shi a aljihu. Waya da caji, biro da 'yar takarda don rubuta sakamako. Idan kana da niyyar tsayawa har ƙirga, kuma ina fata kana da ita, ka haɗa da tocila. Dattijo ko mai ciwon ƙafa a ɗaukar masa 'yar kujera.

Tufafi kuma, ka sa waɗanda ba su da hoton ɗan takara ko tambarin jam'iyya. Hula mai alama, atamfar kamfe, riga mai hoto, duk a bar su a gida. Doka ta hana tallan jam'iyya da neman ƙuri'a a cikin tazarar mita 300 daga rumfa ranar zaɓe, kuma ko ba doka, irin wannan shigar ce ke fara jawo cacar baki a layi.

Ke kuma 'yar'uwa, idan kina da niyyar ƙunshi, ki ɗaga shi zuwa bayan zaɓe, ko ki bar kan yatsunki babu lalle. Lalle mai kauri yana ba na'urar tantancewa wahala wajen karanta zanen yatsa.

1. Ka san rumfarka, ka san alamar da za ka zaɓa

Mutum ba ya zaɓe sai a rumfar da sunansa yake. A jikin katinka akwai sunan jiha da ƙaramar hukuma da mazaɓa, da jerin lambobi kashi huɗu. Na ƙarshen shi ne lambar rumfarka. A 2021 INEC ta ƙara yawan rumfuna daga 119,974 zuwa 176,846, daga baya kuma aka mayar da wasu masu zaɓe daga rumfunan da suka cika zuwa sababbi na kusa. Saboda haka kada ka dogara da cewa "ai a gindin dalbejiyar nan muka saba yi". Ka bincika kafin ranar, ko a ofishin zaɓe, ko wajen mai unguwa, ko a shafin INEC na intanet. Wanda ya yi rajista a Zariya ya koma Kano da zama bai nemi canjin rumfa ba, ba shi da ƙuri'a a Kano.

Na biyu, takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da suna ko hoton ɗan takara. Tambarin jam'iyya ne da harufanta kawai. Kuma 'yan siyasa suna sauya sheƙa, jam'iyyu ma kan sauya tambari. Ka tabbatar a wace jam'iyya mutumin da kake so ya tsaya a wannan karon, ka kuma ga tambarin da idonka. Idan akwai tsofaffi a gidanku, ka nuna musu tun a gida.

2. Fita da wuri, kuma a ƙafa

Galibi ranar Asabar ake yi, kuma akan hana zirga-zirgar ababen hawa daga safe zuwa yamma. Ka saurari rediyo daren Juma'a don jin sanarwar lokaci. A zaɓen da INEC ke gudanarwa ana buɗe rumfa ƙarfe 8:30 na safe, a rufe layi 2:30 na rana, kuma duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya yi zaɓe ko da za a kai dare. Hukumomin jihohi kan sanar da nasu lokacin, wanda bai cika yin nisa da wannan ba.

Da sanyin safiya ake kama fara. Wanda ya zo da wuri yana ganin abin da na baya ba zai gani ba: kafin a fara, shugaban rumfa zai buɗe akwati ya ɗaga shi sama, ya nuna wa jama'a cewa babu komai a ciki, sannan ya rufe ya ɗaure shi da hatimin roba. Wannan nunin hakkinku ne. Idan aka yi niyyar tsallake shi, ku nema cikin ladabi.

Kayan zaɓe suna yawan makara a zaɓen ƙananan hukumomi. Idan ƙarfe goma ta yi ba su iso ba, kada kowa ya watse. Ku raba kanku, wasu su je su karya su dawo, wasu su tsaya. Wani ya rubuta sunaye bisa tsarin zuwa, don kada layi ya rikice idan motar ta iso.

3. Duba sunanka, sannan ka hau layi

Akan liƙa rajistar masu zaɓe a bango ko a ajiye ta a tebur. Ka nemo sunanka da hotonka, ka riƙe lambar shafi da lambar da ke gefen sunan. Idan ka faɗa wa ma'aikaci wannan lambar, ka rage masa wahalar bin shafuka, layi kuma ya yi sauri.

A yankunanmu akan raba layin maza da na mata, kuma doka ta yarda da haka. Tsofaffi da masu juna biyu da masu goyo da masu buƙata ta musamman ana shigar da su gaba. Ba alfarma ba ce, ƙa'ida ce, don haka kada ka yi musu idan aka wuce da su ta gabanka.

Idan ba ka ga sunanka ba, kada ka ɗaga murya a kan ma'aikacin, ba shi ya buga rajistar ba. Ka duba rumfunan da ke maƙwabtaka, musamman idan a makaranta ɗaya ake da rumfa uku ko huɗu. Sau da yawa sunan yana aji na gaba.

4. Tantancewa

Za ka miƙa katinka. Inda ake amfani da na'urar tantancewa ta BVAS, kamar zaɓen Abuja na 2022, ma'aikaci zai nemo bayananka a na'urar, ya ɗora yatsanka a kan gilashinta. Idan yatsa ya ƙi, sai a ɗauki hoton fuska. Manoma da magina da mata masu yawan wanki su ne yatsunsu suka fi gardama, saboda zanen ya suɗe. Abin da ke taimakawa shi ne ka goge gumi da ƙura, idan kuma fatar ta bushe ƙayau ka ɗan hura mata numfashi, ka ɗora tsakiyar yatsan, ba bakinsa ba. A wajen hoton fuska ka cire tabarau, ka fuskanci haske. Mai niƙabi za ta buɗe fuskarta na ɗan lokaci, tana kuma iya neman mace daga cikin ma'aikata ta yi mata.

Jihohi da dama ba sa kawo wannan na'ura a zaɓen ƙananan hukumomi. A nan ma'aikaci zai kwatanta fuskarka da hoton kati da na rajista, ya yi alama a gefen sunanka. Ka tsaya ka ga a gefen sunanka aka yi alamar, ba na wani ba. Idan ka tarar an riga an yi maka alama alhali ba ka zaɓa ba, ka faɗa wa shugaban rumfa a gaban wakilan jam'iyyu, ka nemi a rubuta ƙorafinka.

Za a kuma shafa maka tawada mai wuyar fita a gindin farce, alamar ka riga ka yi.

5. Karɓar takardun ƙuri'a

Takarda biyu za a ba ka, ɗaya ta shugaban ƙaramar hukuma, ɗaya ta kansilan mazaɓarku. Kafin ka ɗaga ƙafa daga teburin, ka juya bayan kowacce. Dole ka ga hatimi da sa hannun shugaban rumfa da kwanan wata. Idan layi ya yi tsawo kuma rana ta take, ma'aikaci kan manta, takardar da ba ta da hatimi kuwa tana iya zama abin jayayya a wajen ƙirga. Ka duba gabanta ma: idan akwai ɗigon tawada tun kafin ka taɓa, ko ta yage, ka mayar a canza maka nan take.

Kaduna ta yi amfani da na'urar kaɗa ƙuri'a ta latsawa a 2018 da 2021, inda mutum ke taɓa tambarin jam'iyya a allo. Amma takarda ita ce aka fi sani a ko'ina, kuma a kanta zan tsaya.

6. Dangwalawa

A nan ne ƙuri'u suka fi mutuwa, don haka zan ɗan daɗe.

Za ka shiga wurin sirri kai kaɗai. Akwai ɗan kushin tawada a ajiye. Ka shimfiɗa takardar ta kwanta sosai, ka nemo tambarin da kake so tun yatsanka yana bushe, ka sa ɗayan hannun ka danne daidai layin. Sai ka taɓa kushin a hankali. Mutane da yawa suna murza yatsa a ciki har tawada ta taru tana ɗiga, wai don ƙuri'ar ta fito sosai. Wannan shi ne babban kuskure. Taɓawa ɗaya ta isa. Ka ɗora yatsan a tsakiyar gidan da ke gefen tambarin, ka danna, ka ɗaga shi sama kai tsaye ba tare da ja ba.

INEC ta yarda a yi amfani da kowane yatsa. Idan jam'iyyu sun yi yawa a takarda, gidajen kan yi ƙanana, babban yatsan mai aikin ƙarfi kuma ya fi gidan faɗi. Sai ka yi da manuni ko ƙaramin yatsa, don kada tawadar ta haura gidan maƙwabciyar jam'iyya.

Wuri ɗaya tak ake dangwalawa a kowace takarda. Wanda ya dangwala biyu don yana son duka biyun, bai zaɓi kowa ba. Kada ka rubuta suna, kada ka sa hannu, kada ka ja layi a kan jam'iyyar da kake ƙi. Duk alamar da za a iya gane ka da ita tana kashe ƙuri'ar.

Sai naɗewa. Na sha ɗaga takarda a wajen ƙirga in ga dangwale biyu masu siffa ɗaya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, na ƙasan ya fi dusashewa. Mai ita wuri ɗaya ya zaɓa, amma ya ninke ta gida biyu daga sama zuwa ƙasa tun tawada tana ɗanya, ta buga kanta a gidan wata jam'iyya. Daga nan sai wakilai su yi ta jayayya, ƙarshe a jefa ta cikin lalatattu. Maganin abin shi ne ka goge yatsanka tukuna, ka ɗan jira ko ka hura wa tawadar iska ta sha, sannan ka naɗe takardar a tsaye, gefen dama ya haɗu da na hagu, rubutun yana ciki. Ta haka ko tawadar ta taɓa wani wuri, a kan layin jam'iyyarka za ta taɓa. Ka gama da takarda ɗaya kafin ka taɓa ta biyun.

Idan ka ɓata takarda bisa kuskure, kada ka jefa ta a akwati kana fatan za ta wuce. Ka mayar wa shugaban rumfa, zai soke ta ya ba ka wata. Da zarar ta shiga akwati kuwa, magana ta ƙare.

Makaho ko wanda hannunsa ba ya aiki yana da damar zuwa da mutumin da shi ya zaɓa ya taimaka masa. Ba wakilin jam'iyya ne zai zaɓa masa mataimaki ba, kuma bai kamata a bar wani mutum ɗaya yana ta shiga da tsofaffi ɗaya bayan ɗaya ba. Idan kuka ga haka ku yi magana.

An hana ɗaukar hoton ƙuri'a a wurin sirri. Dalilin a fili yake: da hoton ne mai sayen ƙuri'a ke tabbatar da an cika masa alkawari. Saye da sayarwa duka laifi ne a doka. Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin magidanci ya karɓi taliya da sabulu, sannan shekara uku yana kai matarsa haihuwa asibitin da babu ko fitila. Na san halin da ake ciki, ban kuma raina yunwar kowa ba, amma wanda ya saya ba ya jin yana da sauran bashinka a kansa.

7. Jefawa a akwati

Akwatin yana fili, a gaban kowa. Idan biyu ne, ka duba rubutu ko launin murfi, ta ciyaman ta shiga nata, ta kansila ta shiga nata. Ka jefa da hannunka, kada ka miƙa wa wani ya jefa maka. Ka karɓi katinka, ka tabbatar naka ne.

8. Kada ka tafi, a tsaya a ƙirga

Bayan ka jefa, kana da damar komawa gefe ka jira cikin natsuwa. Mutanenmu suna cewa a kasa, a tsare, a raka, kuma a zaɓen ƙaramar hukuma ne maganar ta fi nauyi, domin kujerar kansila 'yan ƙuri'u kaɗan ke raba ta.

Idan na ƙarshe a layi ya gama, shugaban rumfa zai soke takardun da ba a yi amfani da su ba, ya buɗe akwati a gaban jama'a, a zazzage. Za a ware ƙuri'u jam'iyya-jam'iyya, a ware lalatattu a nuna wa wakilai dalilin ƙin kowacce, sannan a ƙirga da babbar murya. Ku riƙa ƙirgawa tare da shi. Daga nan ya cike takardar sakamako, wadda a zaɓen INEC ake kira EC8A, da lambobi da kuma kalmomi, ya sa hannu, wakilai su sa, a ba kowannensu kwafi, a ba jami'in tsaro, a faɗi sakamakon da ƙarfi, a liƙa kwafi a bango.

Ga lissafin da za ka yi a 'yar takardarka. Ka rubuta adadin waɗanda aka tantance. Ka haɗa ƙuri'un dukkan jam'iyyu da lalatattu. Jimillar ba za ta wuce adadin waɗanda aka tantance ba. Idan ta wuce, an yi aringizo, kuma hukuncinsa soke sakamakon rumfar baki ɗaya. Wannan ya sa duk wanda ya cusa ƙuri'un bogi don "taimakon" ɗan takararsa, ƙuri'un unguwarsa gaba ɗaya ya jefa cikin haɗari. Bayan an liƙa sakamako ka ɗauki hotonsa yadda lambar rumfa da sa hannu za su fito. A nan waya halal ce.

Idan kai wakilin jam'iyya ne, kada ka taɓa sa hannu a takardar da ba a cike ba, ko da an ce maka don a rage aiki ne kafin magariba.

Idan rikici ya tashi, ka ja da baya. Kada ka yi kokawa da mai makami a kan akwati. Ka lura da lokaci da abin da ya faru, ka sanar da jami'an tsaro da masu sa ido.

9. Daga rumfa zuwa sanarwa

Daga rumfa ana kai sakamako cibiyar tattarawa ta mazaɓa, galibi wata makarantar firamare. A nan ake haɗa na dukkan rumfuna, a bayyana kansila, wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci. Na ciyaman kuwa sai an wuce da shi cibiyar ƙaramar hukuma. A tsarin Abuja, bayan rinjaye sai ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na mazaɓu. Shiga cibiyar tattarawa na wakilai ne da masu sa ido da 'yan jarida masu katin shaida, amma hoton da ka ɗauka shi ne abin da za a kwatanta da abin da aka rubuta a can.

Na san abin da wasu za su ce: jam'iyyar gwamna ce ke lashewa, to wahalar me za a sha? Maganar tana da tushe. A Oktoban 2024 NNPP ta cinye dukkan ƙananan hukumomi 44 na Kano, APC ta cinye dukkan 23 na Kaduna, haka abin ya kasance a jihohi da yawa ko wace jam'iyya ke mulki. Amma abin da na gani a aiki shi ne, rumfar da babu kowa ita ta fi sauƙin rubuta wa sakamako. Inda mutum ɗari biyu suka tsaya suka ƙirga da baki ɗaya, kowa da hoton takarda a wayarsa, mai son canza lamba sai ya yi tunani. Ga shi kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Kujerar da ake raina wa ta ƙara nauyi.

Idan abin da aka sanar ya saɓa da abin da aka liƙa, akwai kotun sauraron ƙararrakin zaɓen ƙananan hukumomi. Ɗan takara ko jam'iyyarsa ne ke shigar da ƙara, ba mai zaɓe ba, kuma kwanakin da doka ta bayar kaɗan ne. Saboda haka kada ka riƙe hotonka da lissafinka kana jira a neme ka. Ka kai wa wakilin ɗan takarar a daren ko washegari da safe, ka bar asalin hoton a wayarka ba tare da ka yanke shi ko ka yi rubutu a kansa ba.